Madatsar Kandaji: yadda ake lissafin ruwan kogi kafin a tare shi

Ran 3 ga watan Agusta na 2008 ne shugaban ƙasa na lokacin, Tanja Mamadu, ya aza tubalin farko na madatsar ruwa ta Kandaji, wadda aka fi kira baraji, a jahar Tilaberi. An fara ba wani kamfani na ƙasar Rasha aikin, amma aka soke kwangilar a 2013 saboda jinkiri. A watan Maris na 2019 aka sake ƙaddamar da ginin a hannun kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, masu ba da rance suka dakatar da kuɗi, kamfanin kuma ya tsayar da aiki.

Shi ya sa in ana zancen Kandaji, kowa tambayarsa guda ce: yaushe za a gama? Akwai kuma wata tambaya da za ta ci gaba da damun mu ko bayan an gama: ruwan da za a tara, wa zai isa, kuma wa za a fara ba? Madatsa ba ta ƙara wa kogi ruwa. Aikinta shi ne ta riƙe ruwa lokacin wadata, ta sake shi lokacin ƙaranci, kamar yadda rumbu ke riƙe hatsin kaka har zuwa bazara. Mai gida nagari yakan san damin da ya shiga rumbu da bakin da za su ci. Haka ya kamata a yi wa ruwa. Wannan bayani zai nuna muku yadda ake lissafin, domin ku iya sa baki duk lokacin da aka zo da maganar madatsa, babba ko ƙarama, a yankinku.

Mi ake nufi da kwarin kogi?

Kwarin kogi shi ne dukan ƙasar da ruwanta ke gangarawa zuwa kogi guda. Kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Najeriya, ya taso daga duwatsun ƙasar Gini. Ya ratsa Mali, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 cikin Nijar, sa'an nan ya shiga Najeriya ya faɗa teku. Tsawonsa ya kai wajen kilomita dubu 4 da 200.

Ko da ba ku taɓa ganin kogin Isa ba, mai yiwuwa cikin kwarinsa kuke zaune. Gulbin Maraɗi ya taso daga jahar Katsina, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya. Can ruwansa ke haɗuwa da gulbin Rima, daga nan ya bi gulbin Sakkwato ya faɗa kogin Isa. Duk wanda ya tare ruwa a wani wuri cikin kwari, ya taɓa rabon wanda ke ƙasa da shi. Saboda haka ba a tsara madatsa ita kaɗai, sai an dubi kwarin gaba ɗaya.

Matsalar kogin Isa ta lokaci ce

In shekara ta yi kyau, ruwan da ke wucewa gaban Yamai yana da yawa ƙwarai. Sai dai ba ya zuwa daidai cikin watanni 12. Kogin yana cika sau biyu. Cikar farko ita ce ta jan ruwa, a watan Agusta da Satumba, wadda ruwan damanar yankinmu ke kawowa. Ta biyu ita ce ta ruwan Gini, wanda ke daɗewa a hanya cikin fadamun ƙasar Mali, sai ya iso Yamai a watan Disamba da Janairu. Daga nan kogin ya yi ta raguwa har watan Mayu da Yuni, lokacin da zafi ya yi tsanani kuma aka fi buƙatar ruwa.

A watan Yuni na 1985, bayan shekarun fari, kogin ya daina gudu a Yamai. Mutane suka riƙa ƙetare shi da ƙafa. Bayan wannan ne aka gina ɗan shingen Gudel, domin a riƙe wa birnin ruwan sha. A watan Satumba na 2020 kuma, ruwan kogin ya kai tsayin wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya ci unguwanni da gonakin shinkafa. Kogi guda ne ya yi waɗannan abubuwa biyu. Mai tsara madatsa dole ya riƙe shekarun nan biyu a ransa, ya dubi rajistar ma'aunin ruwa ta shekaru masu yawa. In ya yi lissafi da shekarun wadata kawai, zai yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Mu koyi ma'auni

Ana auna ruwan madatsa da mita kubik. Mita kubik 1 ita ce lita dubu 1, wato tano 5 masu cin lita 200. Hekta 1 fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Miliyar 1 kuwa miliyan dubu 1 ce.

An tsara Kandaji a wuri mai nisan wajen kilomita 180 sama da Yamai, kusa da garin Ayoru. In tafkinta ya cika, zai riƙe kusan mita kubik miliyar 1 da miliyan 600. Adadin yana da girma a kunne. Amma ruwan da ke wuce Yamai a shekara mai kyau yana kai wajen miliyar 30. Ke nan abin da madatsar za ta riƙe kimanin kashi 1 cikin 20 ne na ruwan kogin. Sauran zai wuce kamar yadda ya saba.

An ɗora wa Kandaji manyan ayyuka uku. Na farko, ta tabbatar ruwan da ke wuce Yamai bai gaza mita kubik 120 a kowace daƙiƙa ba, ko da a tsakiyar bazara. Na biyu, ta ba da damar noman rani a hekta dubu 45. Na uku, ta samar da wutar lantarki har megawat 130.

Ku biyo lissafin da kanku

Mu fara da aikin farko. A kwana guda akwai daƙiƙa dubu 86 da 400. In kun ninka su da 120, za ku samu mita kubik miliyan 10 da ɗoriya a kowace rana. Cikin kwana 100 na ƙaranci, abin ya haura miliyar 1. Kogin da kansa zai kawo wani kaso, tafkin ya cika sauran. In shekarar fari ce, nauyin zai koma kan tafkin.

Ruwan sha ba ya cin kaso mai yawa. A ɗauka mutum miliyan 2 ne, kowa yana amfani da lita 50 a rana. Jimla mita kubik dubu 100 ke nan, wato kashi 1 cikin 100 na waccan miliyan 10. Kason ƙarami ne, amma shi ne ba a iya jinkirtawa ko da kwana guda.

Noma shi ne babban mai shan ruwa. Hekta 1 ta shinkafar rani tana shan fiye da mita kubik dubu 10. Da a ce hekta dubu 45 duka shinkafa za a shuka, ana buƙatar aƙalla miliyan 450, fiye da kashi 1 cikin 4 na tafkin. Albasa da alkama da masara da kayan lambu ba su kai shinkafa shan ruwa ba. Saboda haka zaɓen abin da za a shuka, shi ma yana cikin tsarin madatsa.

Akwai kuma mai rabon da ba ya zuwa taro, wato rana. A ƙasarmu rana da iska suna ɗauke ruwa mai zurfin fiye da mita 2 daga saman tafki a shekara. In tafkin Kandaji ya cika, faɗinsa zai kai wajen hekta dubu 28. Ragin mita 1 daga wannan faɗi daidai yake da mita kubik miliyan 280. Gaskiya ne faɗin yana raguwa in ruwa ya ja baya, amma asarar tana nan da girma. Tafki mai faɗi marar zurfi ya fi tafki mai zurfi asarar ruwa.

In kun haɗa waɗannan, za ku ga cewa rarar ba ta da yawa. A shekarar wadata kowa zai samu. A shekarar fari sai an zaɓi wanda za a fara ba, kuma gara a rubuta wannan jeri tun kafin farin ya zo.

Buƙatun suna karo da juna

Injin lantarki ba ya cinye ruwa. Ruwan yana juya shi ne ya wuce. Amma ƙarfin wutar ya dogara da yawan ruwan da ke wucewa da kuma tsayin ruwan tafki. Megawat 130 shi ne iyakar ƙarfin injunan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da tafkin ke raguwa, wutar ma za ta ragu, alhali lokacin ne birane suka fi buƙatarta. Mai kula da lantarki zai so tafki ya zauna a cike, manomi kuwa zai so a saki ruwa.

Maganar wutar ba ƙarama ba ce ga Nijar. Ƙasar ta yi shekara da shekaru tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, har zuwa watan Maris na 2024, kowa ya ga illar dogaro da hanya guda. Wannan na iya sa hukumomi su fifita lantarki a kan noma. In haka za a yi, ya kamata manoma su sani tun da wuri.

Kare birni daga ambaliya ma yana karo da tara ruwa. Tafkin da zai tare ambaliya sai ya kasance da wurin da ba kowa a ciki. Tafkin da zai ciyar da rani kuwa sai ya cika. Ban da haka, ku lura da wannan: gulbin Sirba da na Dargol, waɗanda ke kawo kaso mai yawa na jan ruwa daga wajen Burkina Faso, suna shiga kogin Isa ne ƙasa da Kandaji. Ruwansu ba zai bi ta madatsar ba. Saboda haka ko an gama ta, Yamai za ta ci gaba da buƙatar shingayen kariya, da hana gini a hanyar ruwa, da gargaɗi cikin lokaci.

Na sama da na ƙasa

Ruwan da zai cika Kandaji sai ya ratso Mali. Can akwai madatsar Selenge, wadda sakin ruwanta ke taimakon kogi da rani. Akwai kuma ta Markala, wadda aka gama a 1947, inda ake janye ruwa mai yawa domin shinkafa da rake. In aka faɗaɗa noman rani can, abin da zai iso Nijar a bazara zai ragu. Ƙasa da mu kuma akwai Kainji, wadda aka gama a 1968, da Jebba, duka a Najeriya. Da ruwan da ya wuce Gaya suke samun wani kaso na wutarsu.

Domin daidaita wannan ne aka kafa Hukumar Kwarin Kogin Isa, wato ABN, a 1980, da mazauninta a Yamai. Ƙasashe 9 suka kafa ta: Benin, Burkina Faso, Cadi, Gini, Kamaru, Kodebuwa, Mali, Najeriya da Nijar. A watan Afrilu na 2008 shugabanninsu suka amince da yarjejeniyar ruwa. Ta wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da sauran kafin ta yi babban aikin da zai taɓa ruwan kogi. Tsarin hukumar ya tanadi manyan madatsu uku tare: Fomi a Gini, Tausa a Mali, Kandaji a Nijar. Har ƙarshen 2024 babu wadda aka kammala cikinsu. An yi lissafin kowace da sanin sauran biyun, don haka in aka canza girman guda ko wurinta, sai an sake duba lissafin duka.

Ko cika tafkin Kandaji ya shafi maƙwabta. In ya cika sarai, ruwansa zai taɓa ƙasar Mali. Shi ya sa aka tsara a fara da barin mita 4 ƙasa da cikarsa, kafin ƙasashen biyu su daidaita kan sauran. A wannan zango, ruwan da za a tara ba zai kai adadin da muka ambata ba.

Mutanen Maraɗi da Tawa sun san wannan magana a aikace. An gina madatsar Jibiya a jahar Katsina, a kan gulbin Gada, wanda shi ne ke zama gulbin Maraɗi. Manoman kwarin sun daɗe suna kukan cewa ruwan da ke malala cikin fadama ya ragu. Ruwan nan kuwa shi ke jiƙa gonaki, shi ke ciyar da rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. A gulbin Magiya kuma mu ne a sama: ya taso daga ƙasar Adar, ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Ran 18 ga watan Yuli na 1990, Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan gulabe huɗu da suka haɗa su: Magiya, gulbin Maraɗi, Tagwai da Komadugu Yobe. Haƙƙin da muke nema daga na sama da mu, shi ne na ƙasa da mu ke nema daga gare mu.

Darasin Ƙonni: rairayi

Filin noman rani na Birnin Ƙonni ya haura hekta dubu 2 da 400. Madatsun Mozage da Zongo, a kan gulbin Magiya, su ke ba shi ruwa. Kowace damana ruwa yana sauko da rairayi da laka daga tuddan da suka rasa itatuwa, ya zube su cikin tafki. Da shekaru suka yi nisa, wurin ruwa ya ragu, har ya zamana da rani wani ɓangare na filin kawai ake iya nomawa. Sai da aka nemi kuɗi masu yawa, cikin yarjejeniyar da Nijar ta ƙulla da Amurka a 2016, aka gyara magudanan filin.

Abin da wannan ke koya mana shi ne, tsawon ran madatsa yana hannun mutanen tudu. Rabin wata, da tassa, da jeren duwatsu, da sassaben zamani, suna rage gudun ruwa, suna riƙe ƙasa a gona. Tsarin madatsar da bai ware kuɗin wannan aiki ba, ya bar ƙofa a buɗe. Rigakafi ya fi magani, domin yashe tafki ya fi hana rairayi shiga tsada nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata dabara da aka yi amfani da ita a kwaruruwan jahar Tawa: gajerun shingaye masu baza ruwa. Ba su tara tafki. Suna sa ruwan ƙorama ya bazu cikin kwari, ya nutse cikin ƙasa, inda rana ba ta iya shan shi. Rijiyoyi su tashi, a yi lambu da rani. Irin wannan ba zai ba da lantarki ba, kuma ba zai riƙe kogin Isa ba. Amma a ƙananan kwaruruwa, ya kamata a auna shi da madatsa kafin a yanke shawara.

Waɗanda ruwa zai ci garuruwansu

Kowane tafki yana zama ne a kan ƙasar wasu. A Kandaji, zangon farko na tashin jama'a ya shafi fiye da mutum dubu 5, kuma an gyara kimanin hekta dubu 2 na noman rani dominsu da masu karɓarsu. Zango na biyu ya shafi fiye da mutum dubu 30, har da mazauna garin Ayoru da tsibiran kogi. Dokar ƙasa ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce ba a karɓe wa mutum fili domin amfanin jama'a sai an biya shi diyya ta adalci tun kafin ya tashi.

Gida da gona suna da sauƙin ƙirgawa. Abin da ake yawan mantawa shi ne haƙƙin wanda ba shi da takarda: makiyayin da bisashensa ke cin ciyawar burgu in ruwa ya janye, masuncin da ya san wuraren kifi, macen da ke lambu a filin aro. Haka kuma ruwan da ke kwance yana ƙara sauro da cutar tsargiya, don haka sai an tanadi gidan likita da ruwan sha mai tsabta a sababbin garuruwa. Jinkirin aiki ma wahala ce, domin wanda aka ce zai tashi ba ya sake jiki ya gina ɗaki ko ya dasa itace.

Abin da za ku iya yi

Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta tanadi a riƙa kula da ruwa tare da masu amfani da shi. In aka kira taron ƙauye ko na gunduma kan wata madatsa, ku halarta, maza da mata, ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Ruwa nawa ke zuwa a shekarar wadata, nawa ke zuwa a shekarar fari?
2. Nawa rana za ta sha, nawa zai rage a watan Afrilu da Mayu?
3. In ruwa ya gaza, wa za a fara ba: mutane, bisashe, gonaki ko injin lantarki? A ina aka rubuta haka?
4. Ruwa nawa za a riƙa sakar wa garuruwan da ke ƙasa, kuma wa ke riƙe da mabuɗin ƙofa?
5. Mi aka tanada domin hana rairayi cike tafki?
6. Ina burtalin da bisashe za su bi zuwa mashaya?
7. Wa zai biya kuɗin gyara bayan masu aikin sun tafi?

Ku nemi sakataren ƙungiyarku ya rubuta amsoshin, da ranar taron, da sunan hukumar da ta amsa. Ku je wurin hukumar kula da filaye, wato COFO, ta ƙauyenku ko ta gundumarku, ku yi wa gonakinku takarda tun kafin a zo ƙirga. Makiyaya su nemi a rubuta burtali da mashaya. Wanda ya koyi karatu da lissafi cikinku, ya karanta wa sauran takardar diyya kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

In akwai madatsa ko tafki kusa da ku, ku kafa sanda mai alamar mita a bakinsa, ku riƙa rubuta tsayin ruwa a farkon kowane wata. Bayan shekara biyu ko uku, littafin nan zai nuna muku hekta nawa ruwanku ke iya ɗauka da rani, kuma da shi za ku je gaban hukuma in za a raba ruwa.